MU LEƘA DUNIYA: In Ruwa Ya Ci Filin Jirgin Sama

A wannan wata za mu leƙa wani wuri wanda da yawa cikinmu ba su taɓa tsammani ruwa yana iya yi masa ɓarna ba, watau filin jirgin sama. Mutum yakan ce a ransa, abin da ke ratsa gajimare ya hau bisansa, ina ruwansa da rigyawa? Amma mu tuna, tsuntsu kome nisan tashinsa a ƙasa yake sauka. Jirgin sama kuwa ya fi tsuntsu tsirfa, gama ba ya sauka sai a kan titi mai tsawo, mai ƙarfi, wanda ruwa bai kwanta a kai ba. Ran da titin nan ya nutse, jirage duka sun zama kwanon rufi ke nan, ba tashi ba sauka.

Abin da ya faru a Kansai

Bari mu fara da ƙasar Jafan. Mutanen ƙasar ba su da fili isasshe, saboda haka suka zuba duwatsu da ƙasa a cikin teku, kusa da birnin Osaka, suka yi tsibiri da hannunsu. A kan tsibirin nan suka gina filin jirgin sama na Kansai, suka haɗa shi da gaɓa da gada guda ɗaya mai tsawon fiye da kilomita 3. Aka buɗe shi ran 4 ga Satumba, 1994, duniya duka ta yi ta mamakin aikin.

Shekara 24 cif bayan haka, ran 4 ga Satumba, 2018, wata guguwar teku da aka sa wa suna Jebi ta taso. Igiyar ruwa ta haura bangon da ya kewaye tsibirin, ta rufe titin jirage na fari. Ruwa ya gangara ƙarƙashin babban ginin matafiya, inda aka ajiye kayan lantarki, wuta ta ɗauke. Kamar wannan bai isa ba, sai iska ta fizgo wani jirgin ruwa mai dakon mai, ta maka shi a jikin gadar nan tilo. Dubban mutane suka kwana a tsibirin cikin duhu da zafi, sai washegari aka soma kwashe su da jiragen ruwa da motoci. Ba a koma aiki sosai ba sai bayan kwana 17.

Masu filin sun san tun farko tsibirin yana lotsawa, domin ƙasan tekun laka ce mai taushi. Tun da aka fara aikin ya lotsa fiye da mita 10. Har ma sun kafa ginin matafiya a kan ginshiƙai wajen 900, kowane ana iya ɗaga shi da jak a cusa masa farantin ƙarfe, don ginin ya zauna daidai. Da dukan wannan hikima, kayan wutarsu na ƙarƙashin ƙasa, hanyar fita kuma guda ɗaya. Nan ruwa ya kama su.

Ba Jafan kaɗai ba

A watan Oktoba na 2011 ruwa ya shiga filin Don Mueang na birnin Bankok a ƙasar Tailan, har ya kai wurin jiragen da aka ajiye. Sai a watan Maris na 2012 aka sāke buɗe shi. A watan Agusta na 2018 kogin Periyar ya yi ambaliya a jihar Kerala ta Indiya, filin jirgin sama na Kochi ya yi mako biyu a rufe. A kudancin Barazil, filin birnin Porto Alegre ya rufe ran 3 ga Mayu, 2024, bai sāke karɓar jiragen fasinja ba sai ran 21 ga Oktoba. Ruwan ya daɗe kwance har ya ɓata titin, aka sāke wani sashensa. Wajen wata biyar ke nan babban birni yana aron filin sojan sama na wani gari da ke kusa.

Kada mai karatu ya ce ai waɗannan ƙasashen ruwa ne. Dubai fa? Ga ta a tsakiyar rairayi, 'yan kasuwarmu da yawa sun san ta kamar Kantin Kwari. Ran 16 ga Afrilu, 2024, aka yi ruwan da ba a taɓa rubuta irinsa a ƙasar ba tun da aka fara awo a 1949. A wani wuri kusa da garin Al Ain an auna milimita 254, watau inci 10, cikin kwana ɗaya. A Dubai kanta, abin da ya zuba a yini guda ya fi wanda aka saba samu a shekara. Jirage suka yi ta keta ruwa a filin kamar kwalekwale, aka soke tashi da sauka fiye da 1,000. Jidda ma, inda alhazai ke sauka, ta ga irin wannan. Rigyawar Nuwamba ta 2009 ta kashe mutum fiye da 100 daidai lokacin aikin hajji. Ran 24 ga Nuwamba, 2022 kuma, aka yi ruwa milimita 179 cikin sa'a shida, jirage suka makara, aka rufe hanyar Makka na ɗan lokaci.

Don me ruwa yake samun filayen nan?

Dalili na fari shi ne wurin da ake gina su. Jirgi babba yana bukatar titi shimfiɗaɗɗe mai tsawon kilomita 3 ko 4, ba dutse, ba tudu, ba dogon gini a gabansa. Ina za a sami irin wannan fili kusa da babban birni, a kuma saye shi da araha? Sai fadama, ko bakin kogi, ko gaɓar teku, watau wuraren da mutanen dā suka ƙi gina gida don sun san na ruwa ne. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Newcastle ta Ingila a 2021 ya ƙidaya filayen jirgin sama 269 a duniya waɗanda tun yanzu ambaliyar teku tana iya cinsu.

Dalili na biyu shi ne daɓe. Gona takan sha ruwa, kwalta da siminti kuwa ba su sha. Mu yi ɗan lissafi tare, yara 'yan makaranta su taimake mu. A ce titi yana da tsawon mita 3,000 da fāɗin mita 45. In aka yi ruwa milimita 100, abin da zai zuba a kan titin nan kaɗai lita miliyan 13 da rabi ne, watau duro 67,500 mai cin lita 200. Ba mu sa wurin ajiye jirage ba, ba mu sa rufin gine-gine da wurin ajiye motoci ba. Duk ruwan nan sai an nema masa hanya cikin 'yan mintoci.

Dalili na uku shi ne sauyin yanayi. Hayaƙin fetur da gawayin kwal da iskar gas da 'yan adam ke ƙonewa ya taru a sararin sama, ya zama kamar bargo, duniya tana ƙara ɗumi. A 2024 ɗumin ya kai wajen digiri ɗaya da rabi bisa yadda yake kafin zamanin masana'antu. Masana sun auna cewa duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa wajen kashi 7 cikin 100. Kowace uwargida ta san wannan, gama shanya ta fi saurin bushewa da bazara. Abin da iska ta kwasa kuwa, wata rana za ta juye shi, sau da yawa a lokaci guda. Teku kuma ta ƙara tudu da wajen santimita 20 tun daga 1900, saboda ƙanƙara tana narkewa, ruwa mai ɗumi kuma yana kumbura. Santimita 20 tsawon taƙi ne kawai, amma ran da guguwa ta zo, taƙin nan shi ne tsakanin bangon da ya tare ruwa da wanda ruwa ya haura.

To, ga inda wahalar take. Injiniyoyin da suka haƙa magudanan filayen nan shekara 40 ko 50 da suka wuce, sun duba littattafan awon ruwa na zamaninsu, suka yi lambatu daidai da ruwan da suka sani. Sun yi aikinsu da kyau. Ruwan ne ya sāke hali.

Zafi ma yana da nasa

Ba ruwa kaɗai ke damun jirage ba. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffiken jirgi kuwa a kan kaurin iska yake dogara. In rana ta yi tsanani, sai jirgi ya yi gudu mai nisa kafin ya ɗaga, ko kuwa a rage masa kaya da fasinja. A watan Yuni na 2017, a birnin Phoenix na Amurka, zafi ya kai digiri 48, aka soke tashin ƙananan jirage masu yawa. A watan Yuli na 2022, kwaltar titin filin Luton kusa da Landan ta ɗaye saboda zafi, aka dakatar da jirage na 'yan sa'o'i. Mu da muke zaune inda bazara ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, wannan magana ba baƙuwa ba ce gare mu.

Dabarun da ake yi

Mai ginin ƙasa ya san abin da ake yi kafin damina: a sāke yaɓe, a gyara indararo, a share kwata. Abin da masu filayen jirgin sama ke yi bai yi nisa da wannan ba, sai dai girma da tsada.

Ta fari, ganuwa. Sabon filin Bankok mai suna Suvarnabhumi, wanda aka buɗe a 2006, a cikin fadama aka gina shi. Amma an kewaye shi da ganuwar ƙasa mai tsawon fiye da kilomita 23 da tsayin mita 3 da rabi, da manyan injunan zuƙe ruwa. A shekarar da ruwa ya ci Don Mueang, shi bai daina aiki ba. Filin Schiphol na ƙasar Holan ya fi ban mamaki. Wurin da yake a dā tafki ne, aka zuƙe shi a 1852, filin kuwa yana ƙasa da teku da fiye da mita 3. Abin da ke riƙe da shi ganuwa ce da magudanai da injunan da ba a barinsu su lalace.

Ta biyu, ɗaga ƙasa. Mutanen Singafo sun fara gina sabon sashen matafiya na biyar a filin Changi a 2025, suka shirya ya zauna mita 5 da rabi bisa teku. Sun yi lissafin ruwan da jikokinsu za su gani. Cika ƙasa kafin gini ya fi arha nesa bisa ɗaga gini bayan an gama.

Ta uku, a hau da kayan wuta sama. Wannan shi ne babban karatun da Kansai ta koya. Bayan guguwar aka ƙara wa bangon tsayi, aka fid da kayan lantarki daga ƙarƙashin ƙasa, aka sa ƙofofin tare ruwa. Filin jirgin sama in ba wuta, makaho ne kuma kurma: ba fitilun titi, ba na'urar magana da matuƙi, ba injin zuƙe ruwan kansa. Ko a gida, wa ke ajiye buhun hatsi a ƙasa da damina?

Ta huɗu, wurin da ruwa zai huta. Garuruwanmu na dā suna da kududdufai, inda aka ɗebi ƙasar gini. Da damina su ne ke shanye ruwan unguwa. Injiniyoyi suna haƙa irinsu a gefen filin jirgi, su tara ruwa sa'ad da ake tsuga shi, sa'an nan su sake shi a hankali. Amma akwai sharaɗi. Ruwa kwance yana jawo tsuntsaye, tsuntsu kuwa in ya shiga injin jirgi haɗari ne. Don haka sai a yi kududdufin da zai tsiyaye cikin kwana biyu, ko a rufe shi da raga, ko a gina shi a ƙarƙashin ƙasa.

Ta biyar, titin kansa. Akan yi shi da ɗan doro a tsakiya don ruwa ya gangara gefe, a kuma tsattsaga fuskarsa da ƙananan layuka kamar zanen ƙwarya. In ruwa ya kwanta a kai fiye da milimita 3, tayar jirgi tana iya sulɓewa a bisa ruwan, birki ya ƙi ci. Tun daga Nuwamba na 2021, hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta sa a riƙa ba titi maki daga 0 zuwa 6, a faɗa wa matuƙi kafin ya sauka. Maki 6 busasshe ne sarai.

Ta shida, shiri. Wa zai kira wa in ruwa ya taso da tsakar dare? Ina za a kai jirage? Akwai ruwan sha da abinci da barguna domin mutanen da za su maƙale? Akwai hanya ta biyu in ta fari ta yanke? A Kansai, titi na biyu da ke kan sabon tsibiri bai nutse ba, shi ya sa waɗansu jirage suka soma tashi bayan kwana uku. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ganuwa ba ta shanye ruwa

Akwai wata magana da ya kamata mu faɗa a fili. In ka yi wa gidanka datsi, ruwan bai ɓace ba, gidan maƙwabcinka ya tafi. A ambaliyar Bankok ta 2011, mutanen da aka bari a bayan shingen buhunan yashi sun yi fushi ƙwarai, har waɗansu suka farfasa shingen, domin sun ga ruwa ya kai musu ƙugu alhali ƙetare a bushe. Waɗanda ke zaune a gindin katangar filin jirgi yawanci talakawa ne, da yawansu ba su taɓa shiga jirgi ba, ba su kuwa da niyya. In za a kashe dukiya a tsare filin, adalci ne a lissafa inda ruwan zai bi, a gyara musu magudanai su ma, a kuma zauna da su tun kafin a fara haƙa.

Har wa yau, jiragen sama da kansu suna cikin masu ƙara ɗumin nan, gama wajen kashi 2 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya daga gare su yake fitowa. A 2022 ƙasashen da ke cikin ICAO suka yi niyyar kawar da nasu rabon kafin 2050. Alkawari ne mai kyau, cikawa ta rage. In ba a rage hayaƙi ba, ganuwar da aka gina bana za ta yi wa jikokinmu gajarta.

Ina ruwan wanda ba ya shiga jirgi?

Wani manomi zai ce, ni da ko tashar jirgin ban taɓa zuwa ba, me ya dame ni? Amsar tana birnin Beira na ƙasar Mozambik. A tsakiyar Maris na 2019 guguwar Idai ta faɗa wa birnin, rigyawa ta yanke babbar hanyar mota da ke shiga cikinsa. Filin jirgin sama ya ɗan lalace, amma cikin 'yan kwanaki aka buɗe shi. Ta nan abinci da magani da likitoci suka shigo, daga nan kuma jirage masu saukar ungulu suka riƙa tashi suna ceto mutane daga kan itatuwa da rufin ɗakuna. Waɗanda aka ceta ba fasinjoji ba ne, manoma ne da masunta. Ran da hanya ta yanke, filin jirgi shi ne ƙofar gari ta ƙarshe. Ko a ranar lafiya ma, allurar rigakafin yara da magunguna masu bukatar sanyi sau da yawa ta jirgi suke zuwa.

Mu ma mun ɗanɗana. A 2022 ruwa ya rufe hanyar Lakwaja, motocin mai suka maƙale, Abuja ta shiga ƙarancin fetur. A Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Ba teku a wajenmu, amma ga koguna, ga madatsu, ga ruwan sama mai zuwa da ƙarfi a kan fako. Mun kuma ga abin da rufe fili yake jawowa. A 2017 aka rufe filin Abuja mako shida don gyaran titinsa guda ɗaya, aka mai da jirage Kaduna, matafiya suna ƙarasawa da mota ko jirgin ƙasa. Wannan rufewa ce da aka shirya, aka yi shela tun da wuri. Ruwa kuwa ba ya aiko da takarda.

Tun Nuwamba na 1925 da jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano, filayenmu sun ƙaru, garuruwa kuma sun girma har sun rungume su. Gonakin da ke shan ruwa a kewayensu sun zama gidaje, kududdufai da yawa an cike su an yi gini, lambatu ya cika da leda. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da za mu iya yi

Ba mu ne za mu gina ganuwa ba, amma muna da baki da hannu. Mu tambayi wakilanmu da hukumar FAAN mai kula da filayen Nijeriya, da ASECNA mai lura da zirga-zirgar jirage a Nijar da Chadi da Kamaru: yaushe aka yi wa magudanan fili yasa, ina janareta take zaune, da wane awon ruwa aka yi lissafin sabon gini? Mu saurari hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, manomi da matuƙi duka abinsu ne. Kada mu sayi fili a kan hanyar ruwa don an yi mana araha, kada kuma mu bar yara su zuba shara a kwata, gama ledar da ta toshe kwalbati a unguwa ita ce ke mai da ruwa baya har inda ba a zata ba. Mai shirin tafiya da damina ya sa maganinsa da ɗan guzuri a jakar hannu, ya kuma yi haƙuri in an ce jirgi ba zai tashi ba. Matuƙin da ya ƙi sauka a kan titi mai ruwa, ranka yake tsarewa.

Iyaye kuma, in kuna da yaro ko yarinya mai son lissafi, ku nuna musu wannan shafi. Ƙasarmu za ta bukaci masu awon ruwa da masu zanen magudanai kamar yadda take bukatar matuƙa, ko da yake su ba a ganinsu da hula mai ado.